Kwana huɗu a Abbare: Yadda Goggo ta koma taka ƙasa bayan tiyatar gadon baya

Mako biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata a wannan shafi ba, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Tafiya ce ta kama ni zuwa Jihar Taraba, dubiyar ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo. A nan Kano aka yi mata tiyatar gadon baya, aka sallame ta, ta koma gida Abbare, a bayan garin Jalingo. Na tafi da niyyar in kwana ɗaya, in gaishe ta, in ajiye 'yar tsarabata in juyo. Sai da na kwana huɗu. Abin da ya zaunar da ni shi zan ba ka labari, mai karatu, domin na san a gidajen da jaridar nan ke shiga da wuya a rasa mutum ɗaya da ke dafe ƙugu in zai miƙe.

Bari in fara da hanya, don ita ma tana cikin jinyar. Da asuba muka bar Kano, muka ratsa Gombe, muka wuce Kaltungo, muka haye gadar kogin Binuwai a Numan, sannan muka miƙa kudu. Tafiyar yini ce cur. Hanyar Numan zuwa Jalingo ta daɗe da yin ƙaurin suna wajen ramuka, kuma ni da nake da lafiyata, ban ma kai arba'in ba, da muka isa tasha sai da na dafa jikin mota kafin in miƙe sosai. A nan gabana ya faɗi. Wannan hanyar ce aka biyo da Goggo, a matse a kujerar baya ta Sharon, kwana goma sha biyu kacal bayan an buɗe bayanta an ɗaura mata ƙarfe. Daga baya ta ce da ni sau biyu direban ya tsaya, na salla da na shan mai. Idan naka ne aka yi wa irin wannan aiki a wani gari mai nisa, ka tambayi likitan yaushe ya dace a ɗauki hanya, kada kuɗin masauki ya sa ku gaggawa. In tafiyar ta zama dole, a ba shi kujerar gaba a ɗan kwantar da ita, a riƙa tsayawa kusan duk bayan awa guda ya sauko ya ɗan taka. Doguwar zama ba motsi bayan tiyata tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma gudan jinin nan in ya ɓalle ya tafi huhu, kisa yake yi.

Jalingo gari ne da duwatsu ke leƙowa ta gefensa, ga kogin Lamurde da Mayo Gwoi suna ratsa shi. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi a 1893 a matsayin sansanin yaƙi, kusa da ƙasar mutanen Kona, ya zama mazaunin masarautar Muri, sannan ya zama babban birnin jiha da aka yanko Taraba daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991. A kasuwa za ka ji Fulatanci da Mumuyanci da Hausa suna cakuɗe a ciniki guda. In ka ce Abbare za ka je, ka fayyace wa mai Keke Napep wacce kake nufi, domin akwai wata Abbare a ƙaramar hukumar Lau. Tamu ita ce ta ƙaramar hukumar Jalingo, wadda a takardun zaɓe ake rubuta mazaɓarta Abbare Yelwa. Lokacin kaka na je, hazon hunturu ya fara sauka, duwatsun sun yi dishi-dishi. Da muka sauka daga kwalta sai gonaki, an karya masara, an shanya gyaɗa a ƙofar gidaje, mata ɗauke da kwandunan doya a ka. Na riƙa kallon bayansu, na rasa yadda zan hana kaina. Duk aikin da ido ya faɗa a kai a duƙe ake yin sa: tsince gyaɗa, shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a bakin rijiya, hura wuta a murhu.

Na iske Goggo a ɗakinta, kwance a kan katifa a ƙasa, an rufe taga saboda iska. Mako biyar da tiyata. Ta rame, fuskarta kuma ta ɗan kumbura, abin da ya tsaya mini a rai tun daga bakin ƙofa. Bayan mun gaisa na ce, “Goggo, yau sau nawa kika fita tsakar gida?”

Matar Yaya, wato surukarta, ita ta amsa, da murmushin wanda ya san ya yi abin kirki. Ta ce ai tun da aka dawo da ita ba su bari ta taka ko'ina ba sai makewayi, shi ma a rirriƙe. Abinci a baki, ruwa a baki.

Goggo ta ce, “'Yar nan, ƙarfe fa aka sa mini. In na motsa ya goce, wa zai sake biyan kuɗin?”

Ban ga laifinta ba. Shanu biyu da gona guda aka sayar aka yi aikin nan. Wanda ya ga haka, dole ya riƙa ɗaukar bayansa kamar ƙwai. Sai dai ƙaunar da suka nuna mata ita ke neman nakasa ta.

Ga abin da aka yi mata, a taƙaice. Ƙasan gadon bayan mutum ƙasusuwa biyar ne jere, ɗaya bisa ɗaya, likitoci na kiransu L1 zuwa L5. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi da ke aikin matashi, ta bayansu kuma akwai rami da jijiyoyin da ke sauka ƙafafu ke bi. Na Goggo, tsakanin L4 da L5, ramin ya tsuke, ƙashi ɗaya kuma ya zamo gaba kaɗan, suka danne jijiya. Shi ya sa shekara uku ba ta iya tafiya daga gida zuwa bakin titi sai ta tsuguna ta huta, ƙafar hagu na yi mata kamar ana tsira allurai. Likita ya buɗa wa jijiyar hanya, ya ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi huɗu da sanduna biyu na ƙarfe, ya zuba ɓarɓashin ƙashi a tsakani domin su haɗe su zama ɗaya. Ƙarfen riƙon ƙwarya yake yi. Ainihin ɗorin jikinta ne zai yi shi, kuma yakan ɗauki wata uku zuwa shida, wani lokaci har shekara kafin ya kammala. Tafiya a miƙe ba ta gotar da kusoshin nan. A asibiti ma, tun washegarin aiki ko kwana biyu ake ɗaga majiyyaci a sa shi ya taka. Abin da ake hana shi a watannin farko uku ne: sunkuyawa, ɗaukar abu mai nauyi, da murɗa jiki. Kwanciyar mako biyar kuwa tana zubar da ƙarfin naman cinya da na baya, tana cushe ciki, tana kashe zuciya.

An faɗa musu duk wannan ranar sallama, har da takarda. Na ga takardar, da Turanci take, an naɗe ta cikin leda tare da rasit-rasit a ƙasan akwati. Yaya ne ya saurari bayanin, a tsaye, hankalinsa na kan kuɗin mota. Shi kuma ba shi ke jinyar ba, da safe yake fita. Matan da ke ɗaga ta suna kwantar da ita ba wanda ya yi musu bayanin komai. Wannan kuskure ne da mu ma'aikatan lafiya muke yi kullum, har da ni a bayan kantata: muna yi wa mai biyan kuɗi bayani, mu bar mai jinya.

Ni ba likitar tiyata ba ce, don haka ban ce ta tashi ba sai da muka kira likitan da ya yi aikin a waya, na gaya masa halin da ake ciki, ya ce maza a fara. Amma kafin tafiya akwai tashi, kuma tashi daga katifar ƙasa shi ne babban aiki, dole sai mutum ya sunkuya ya murɗa. Da yamma Yaya ya aro gadon katako a maƙwabta aka ɗora katifar. Na nuna wa Goggo da surukarta yadda ake yi: ta lanƙwashe gwiwoyi, ta juya gefe ɗaya gaba ɗayanta, kafaɗa da ƙugu tare kamar ana mirgina gungume, ta sauko da ƙafafu, sannan ta tura da hannu ta zauna. Sau uku muka gwada. A na ukun ta ce, “Ashe haka ne? Ni da ake ciccibo ni ta hammata kamar buhu.”

Abin da ya sa na ƙara kwana kuwa, a ƙarƙashin matashinta na same shi. Muna gyara shimfiɗa sai wata baƙar leda ta faɗo. A ciki akwai ƙananan ƙulli-ƙulli, kowanne da ƙwayoyi biyar, ba kwali, ba suna. Haɗi ke nan, irin wanda ake cewa a ba ni na ciwon jiki. Maganin da aka sallamo ta da shi ya ƙare tun mako na biyu, ciwo bai ƙare ba, sai wani ɗan'uwa mai son ta ya riƙa sayo mata a wani kemis, ƙulli biyu kullum. Na tafi kemis ɗin da kaina, na yi sallama, na roƙi yaron ya nuna mini gwangwanayen da yake ɗiba. Bai ɓoye ba, don a ganinsa taimako yake yi. Akwai diclofenac, akwai piroxicam, akwai prednisolone, akwai paracetamol, sai tramadol mai lamba 225.

Mai karatu, ka tsaya nan kaɗan, domin ledar nan ba a Abbare kaɗai take ba, tana Kurna, tana Tudun Wada, ƙila tana cikin durowarka. Diclofenac da piroxicam 'yan gida ɗaya ne, da su da ibuprofen. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi yadda ake zato, illar ce ke ninkuwa: gyambon ciki, zubar jini a hanji, lalacewar ƙoda, hauhawar jini. Goggo dama tana da hawan jini. Ga wanda aka yi wa irin tiyatarta akwai ƙarin matsala, domin likitoci da yawa suna hana wannan rukunin magani a watannin farko, saboda yana iya rage saurin haɗewar ƙashi. Prednisolone shi ne ya kumbura mata fuska. Yana sa mutum ya ji garau na ɗan lokaci, amma yana hana rauni warkewa da wuri, yana tayar da sukari, yana rage ƙarfin ƙashi, in kuma aka haɗa shi da su diclofenac hatsarin zubar jini a ciki ya ƙaru. Na tambaye ta ko tana jin ƙwannafi, ta ce kullum dare. Na tambaye ta launin bayan gidanta, ta harare ni, sannan ta ce bai yi baƙi ba. Na yi hamdala, don baƙin bayan gida mai kama da kwalta alamar jini ce.

Tramadol kuwa, wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, shi ma sai da takardar likita. Mai 225 ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, shi ne wanda jami'an NDLEA ke kamawa kwali-kwali. Mukan ɗauka matsalar samarin tasha ce. Ga dattijuwa mai carbi a hannu ta yi mako uku tana shan sa safe da yamma, ba ta ma san sunansa ba. Shi ya sa take wuni tana gyangyaɗi, shi ya sa take kwana huɗu ba ta zaga ba, in ta zaga kuma sai da yunƙuri, wanda shi ma yana tayar da ciwon bayan.

Yaya ya fusata, ya ce a zuba ledar a masai. Na hana. Wanda ya yi makonni yana shan prednisolone ba a tsayar masa da shi rana ɗaya, jiki na iya rikicewa, jini ya faɗi. Tramadol ma haka, in aka yanke kwatsam sai zufa da rashin barci da ciwon gaɓoɓi su taso, mutum ya ɗauka ciwonsa ne ya dawo ya koma wa ƙwayar. Washegari muka shiga da ita cikin gari ta ga likita, aka auna jininta, aka duba ƙodarta, aka tsara yadda za a riƙa rage biyun nan sannu a hankali, aka cire sauran, aka bar ta da paracetamol a kan ƙa'ida. Shi ma yana da iyaka: babban mutum kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma a lura yana ɓoye cikin magungunan mura da yawa. A Jalingo akwai asibitin FMC na tarayya, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha. Wanda aka yi wa tiyata a Kano ko Abuja ba sai ya koma can a kan kowace matsala ba. Ya nemi takardar bayani daga likitansa, ya kai wa likita na kusa, ya tambayi sashen gashin ƙashi, domin su ne za su koya masa motsa jikin da ya dace da matakin da yake.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, amma a cikinsu ake cin nasara ko a faɗi. Masan gidan na tsuguno ne, sai muka sa kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kai. Wanka a tsaye ko a kan doguwar kujera, ba a kan 'yar tsugunne ba, bokitin kuma a ɗora shi bisa wani abu. Salla ce ta fi damun ta. Tana ganin yin ta a kan kujera gazawa ce, har ta ce ranar Juma'ar da ta wuce ta saci jiki ta gwada sujada, ta kasa tashi sai da aka zo. Ban ja da ita ba, na roƙi limamin unguwar ya leƙo. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya, a tsaye in ya iya, a zaune in bai iya ba. Magana ɗaya da ni da shi muka faɗa, amma tasa ce ta shiga.

Sai 'yan dubiya. Jama'ar Abbare akwai zumunci, ɗakin ba ya rabuwa da mutane, kuma kowa da maganinsa a baki. Wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho a wurin, mataccen jini ne. Wani ya ce akwai maɗori a ƙauyensu da ke taka baya ya daidaita. Ban raina maɗora ba, sun yi wa mutanenmu aiki tun kafin a buɗe asibitin ƙashi na Dala a 1959. Amma bayan da aka ɗaure da kusoshi ba wurin takawa ba ne, kuma tsaga a kusa da ɗinki ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta har zuwa kan ƙarfe. In ƙwayar cuta ta kama ƙarfe, sau da yawa sai an sake buɗewa. Na gaya wa matar Yaya abubuwan da in ta gani ba jira: ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, zazzaɓi, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya, ƙafa ta ƙara mutuwa. Mafi gaggawa, in fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, ko tsakanin cinyoyinta ya mutu ba ta jin taɓawa. Wannan ko tsakar dare ne a nemi mota.

A dare na uku muna zaune ni da ita, sai ta ce, “'Yar nan, ki gaya mini gaskiya. Ƙafar ta daina, amma bayan yana nan yana ciwo. Kuɗin nan ba a banza suka tafi ba?”

Na gaya mata abin da zan gaya maka. Tiyatar baya ta fi iya maganin ciwon da ke sauka ƙafa saboda dannewar jijiya fiye da ciwon da ke zaune a ƙugu. Don ƙafar aka yi mata, kuma ta samu. Bayan zai ragu da lokaci da motsi, amma ba lallai ya koma na budurwa ba. Ina faɗin haka ne saboda saƙonnin da nake samu na masu tara kuɗi su tafi Indiya ko Masar a kan ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma kusan tara cikin goma ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ita ce. Irin wannan ba wuƙa yake buƙata ba. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a ƙarshen 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, motsa jiki da ilimantar da majiyyaci ta sa a gaba, ta kuma ja kunne a kan magunguna dangin tramadol. Hoton MRI ma kada ya firgita ka, mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai in aka ɗauke su za a ga faifan ya ɗan bullo. Sai dai a ƙasarmu akwai wanda ba a wasa da shi: ciwon baya da ke tare da rama, zazzaɓin dare da zufa. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Tafiyar kuwa da kaɗan muka fara. Ranar farko daga gado zuwa bakin ƙofa, ta dawo tana haki, ƙafafunta na rawa. Rana ta biyu ta kai turmi. Na ce da matar Yaya gara sau huɗu gajeru a yini da sau ɗaya mai tsawo, kuma in ciwon ya ɗan motsa ya lafa bayan hutu, ba komai. Akwai bishiyar mangwaro a ƙofar gidan, inda Goggo ta saba zama da yamma tana ɓarar gyaɗa tana amsa gaisuwar masu wucewa. Jikanta ɗan aji huɗu ya auna mana da ƙafarsa, ya ce taku sittin da biyu ne daga ɗakinta. Muka ba shi littafi da biro, aikinsa ya riƙa rubuta inda ta kai kullum.

Ranar da zan taho, da hantsi, ta fito tana dafe da kafaɗar yaron, ta wuce turmi, ta wuce rijiya. A zaure ta tsaya ta jingina da bango, ta ce ya isa. Daga nan ana hango mangwaron, saura kamar taku ashirin. Wata maƙwabciya da ke wucewa da tulu ta gan ta, ta ajiye tulun ta rangaɗa guɗa. Goggo ta ce ta rufa mata asiri, mutane za su ce an yi haihuwa.

Shekaranjiya yaron ya kira ni da wayar babansa, ya karanto mini littafinsa tun daga farko, rana bayan rana, bai tsallake ko ɗaya ba. Ta kai mangwaron ranar Talata. Ya ce amma in yi mata magana, don jiya ya kama ta ta ɗauki tsintsiya.